Kafin daren Mayu: yadda za ka bi zaɓen fidda gwanin ƙananan ƙasashe na Eurovision

Mafi yawan waɗanda suka san gasar waƙa ta Eurovision daren ƙarshe kawai suka sani, wanda ake yi a watan Mayu, da fitilu da hayaƙi da masu gabatarwa suna karanto maki. Ni a wurina, kafin a kai wannan dare an riga an ci rabin kasuwar. Daɗin yana tsakanin Disamba da tsakiyar Maris, lokacin da kowace ƙasa ke zaman fidda wanda zai wakilce ta. A cikin ƙasashen kuma, ƙananan ne suka fi ba da abin kallo: San Marino, Malta, Ayislan, Estoniya, Albaniya, Luksambog da ire-irensu. Babbar ƙasa tana da mawaƙa birjik, ko ta ci ko ta faɗi gobe ta manta. Amma ƙasar da mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, minti uku kacal take samu a shekara duniya ta juyo ta dube ta. Shi ya sa gardamar wa za a tura, da wane harshe zai rera, da wace irin shiga zai fito, gardama ce ta gaske a wurinsu. Ita nake zama kallo, kuma ita nake so in nuna maka yadda ake bi.

Akwai 'yan abubuwan da in ba ka san su ba za ka yi ta mamakin abin da ake jayayya a kai. An fara gasar a 1956 a birnin Lugano na Suwizalan da ƙasashe bakwai, kuma ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, ce ke shirya ta. Saboda haka ba gwamnati ce ke shiga ba, gidan talabijin na ƙasa ne: RÚV a Ayislan, ERR a Estoniya, RTSH a Albaniya, PBS a Malta, SMRTV a San Marino. Shi ke biyan kuɗin shiga, shi ke da ta cewa kan yadda za a zaɓi waƙa. Dalilin ke nan da ya sa Liechtenstein ba ta taɓa shiga ba, don ba ta da tashar da ke cikin ƙungiyar, alhali Maroko ta shiga sau ɗaya a 1980 da Samira Sa'id, Ostireliya kuma tana ciki tun 2015.

Dokokin waƙar ba su da yawa. Ba ta wuce minti uku. Mutum shida ne iyakar waɗanda za su hau dandamali. Mawaƙi da bakinsa zai rera kai tsaye, kiɗan ne naɗaɗɗe. Sannan dole waƙar ta zama sabuwa, wadda ba a sake ta ga jama'a ba kafin 1 ga Satumba na shekarar da ta gabata. Riƙe wannan ta ƙarshen, za mu dawo kanta. Bisa al'ada ƙasashe biyar da suka fi zuba kuɗi, wato Birtaniya, Faransa, Jamus, Italiya da Sifaniya, tare da mai masauƙin baƙi, kai tsaye suke wucewa daren ƙarshe. Sauran sai sun bi ta zagayen kusa da na ƙarshe, inda goma kawai ke hayewa a kowane dare. Ga ƙaramar ƙasa, tsallake wannan siraɗin shi ne nasarar, ba ɗaukar kofi ba. Andora ta shiga daga 2004 zuwa 2009, ba ta haye ko sau ɗaya ba, ta tattara nata ya nata ta koma gida.

Hanya biyu ce tasha ke bi. Ko dai ta yi ɗauki-ɗora, wato shugabanni su shiga ɗaki su fito da suna, kamar yadda Saifurus ta saba yi, ko kuma ta yi zaɓe a bainar jama'a a talabijin. Ɗauki-ɗora ba shi da abin kallo, sanarwa ce kawai za ka gani wata safiya. Zaɓen fili shi ne namu.

Kada ka ce sai ka kalli duka

Wannan ita ce shawarata ta farko, kuma ita ce mutane suka fi ƙin ji. Zaɓukan suna da yawa, wasu dare ɗaya ne, wasu makonni suke ɗauka, kuma mafi yawansu a daren Asabar suke faɗowa. A watan Fabrairu akan samu Asabar ɗin da tashoshi biyar ko shida ke shiri lokaci guda. Masu bibiyar gasar suna buɗe shafuka barkatai a kwamfuta suna tsalle daga wannan zuwa wancan, su tashi ba su ji waƙa ɗaya daga farkonta zuwa ƙarshenta ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Zaɓi ƙasa biyu ko uku ka bi su tun daga ranar da aka fitar da sunayen 'yan takara har ranar da aka ɗaga hannun gwani. Sauran ka kalli guntayensu washegari, suna nan a YouTube.

Da ni zan haɗa maka, zan ce ka ɗauki Albaniya, ka ɗauki ɗaya daga arewa, ko Estoniya ko Ayislan, sannan ka ƙara da San Marino. Ukun nan ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Galibi Albaniya ce ke buɗe fage. Bikin nata, Festivali i Këngës, a watan Disamba ake yi a Tirana, kuma ya girmi shigarta Eurovision nesa ba kusa ba: tun 1962 ake yin sa, ita kuwa sai 2004 ta fara zuwa gasar. Wannan ya kamata ka sa a ranka in kana kallo. Ba don Turai aka ƙirƙiri bikin ba, na cikin gida ne, wakilcin ƙari ne aka ɗora masa daga baya. Za ka ga makaɗa jere a kan dandamali da gogensu da sarewarsu, da jagora tsaye yana kaɗa sanda, abin da ita kanta Eurovision ta daina tun 1999. Za ka ji manyan muryoyi, musamman na mata, masu ɗaukar baiti su kai shi ƙololuwa ba tare da sun girgiza ba. Irin wannan murya ce Rona Nishliu ta kai gasar da aka yi a Baku a 2012 ta zo ta biyar, da harshen Albaniya zalla.

Bikin yana da tarihin da ke sa mutum ya gyara zama. A zamanin Enver Hoxha, shugaban mulkin kwaminisanci na Albaniya, bayan zama na 11 da aka yi a Disambar 1972, gwamnati ta ga cewa kiɗa da shigar da aka nuna sun yi kama da na Yammacin Turai da yawa. Aka ɗauki waɗanda suka shirya a matsayin maƙiyan ƙasa, aka sallami wasu, aka ɗaure wasu, har da shugaban gidan talabijin ɗin na lokacin, Todi Lubonja. In ka ga dattawa a cikin zauren sun zauna cikin kwat suna tafi da nutsuwa, ka san akwai waɗanda suka ga wancan zamani da idonsu. Sai dai ka zo da haƙuri. Shirin yana da tsawo, akwai jawabai, akwai baƙi, akwai karramawa, kuma ba a cika gaggawa ba.

Agogo da inda za ka kalla

Kowace tasha tana watsa zaɓenta a shafinta na intanet, kuma galibi a daren ba a rufe wa 'yan waje. Na Estoniya yana dandalin ERR mai suna Jupiter, na Ayislan a shafin RÚV, na Lituwaniya a LRT, na Fotugal a RTP Play, na Finlan a Yle Areena, wanda har sharhi da Turanci yake bayarwa. Wasu suna sakawa a YouTube kai tsaye. Nemo shafin tun da rana ka gwada shi, ka ga ko yana buɗewa a wayarka ko sai ka yi rajista. Shafin ba da harshen da ka sani yake ba, amma manhajar fassara ta burauza ta isa ta kai ka inda maɓallin kallon kai tsaye yake. In layinka ba shi da ƙarfi, rage ingancin hoton. Sautin ne bai kamata ya yanke ba.

Agogo shi ne ke ɓatar da mutane. A lokacin hunturu Ayislan, Ayalan da Fotugal suna kan agogon GMT. Malta, San Marino, Albaniya, Luksambog, Kuroshiya da Montenegiro suna gaba da awa ɗaya. Estoniya, Latbiya, Lituwaniya, Finlan da Moldoba suna gaba da awa biyu. Ma'ana in tashar Estoniya ta ce ƙarfe bakwai na yamma, biyar ke nan agogon GMT. Wannan bambancin yana da amfani a Asabar mai cunkoso, domin na gabas ne ke fara tashi, ka gama da su ka koma na yamma. Kada ka riƙe wannan lissafin har Mayu, don a Lahadin ƙarshe ta Maris yawancin Turai na tura agogo gaba da awa ɗaya, ban da Ayislan.

Abu ɗaya kuma da zan faɗa ba tare da kwana-kwana ba: shigar wasu mawaƙan da rawarsu ba abin da kowa zai so ya kalla da yara a gefe ba ne. Tunda akan fitar da waƙoƙin da hotunan 'yan takara tun da wuri, duba su tukuna ka san abin da ke tafe. Na Albaniya da na Fotugal sun fi kamun kai a bisa al'ada.

Saurara sau biyu

Yawancin tashoshi suna sakin waƙoƙin makonni kafin daren zaɓe. Saurare su duka sau ɗaya, ka rubuta jerinka daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, kafin ka karanta ra'ayin kowa. Nace a kan wannan. Da zarar ka leƙa abin da masoya ke faɗa a intanet, kunnenka ya daina zama naka. Sannan a daren zaɓe ka sake sauraro kamar ba ka taɓa jin su ba, domin waƙar situdiyo daban, waƙar dandamali daban. A situdiyo na'ura tana gyara murya, a dandamali kuwa mutum ne da huhunsa, ga rawa, ga fargaba. Duk shekara sai an samu wadda kowa ya ɗora a sama ta rushe a baitin farko, da wadda ba wanda ya kula da ita ta tashi zauren tsaye. Gani ya kori ji.

Misalin da na fi so shi ne na Kuroshiya a 2024. Mawaƙi Baby Lasagna bai ma shiga jerin 'yan takarar zaɓensu mai suna Dora ba, a cikin 'yan jiran ko-ta-kwana aka ajiye shi. Sai da wata mawaƙiya ta janye aka kira shi. Ya lashe zaɓen da ratar da ba gardama, ya je gasar a Malmö ya zo na biyu, matsayin da Kuroshiya ba ta taɓa kaiwa ba tun da ta zama ƙasa mai cin gashin kanta. Kwamitin da ya tace waƙoƙin ya saurari wannan waƙar da kunnensa ya ajiye ta gefe.

In ana rerawa, ga abin da nake dubawa. Shin mawaƙin ya san inda kyamara take? Eurovision shirin talabijin ne, masu jefa ƙuri'a a gida suke, ba a zaure ba, kuma wanda ke rera wa kujerun gaba ya bar gilashi ya yi asara. Shin numfashinsa na kai shi ƙarshen minti na uku? Shin bayan an wuce waƙa biyar zan iya tuna amshin tasa? Kada ƙanƙantar dandamali ko ƙarancin fitilu su ruɗe ka. Ƙananan tashoshi ba su da kuɗin ƙawa, kuma za a sake gina komai kafin Mayu. Murya da waƙar kansu ne ba sa canzawa da kuɗi.

Rashin jin harshen ba matsala ba ce kamar yadda kake zato. Akwai shafukan masoya da ke fassara baitocin, lambobin maki kuwa kowa na iya karantawa.

Karanta dokar ƙuri'a kafin a fara

Nan ne wanda bai shirya ba yake tashi da haushi. Kowace ƙasa da irin tsarinta, kuma tsarin ne sau da yawa ke fidda gwani, ba waƙar ba. Wasu alƙalai kawai suke amfani da su, wasu ƙuri'ar masu kallo kawai, wasu su haɗa rabi da rabi, wasu su gayyato alƙalai daga ƙasashen waje don su ji yadda baƙon kunne zai karɓi waƙar.

A Eesti Laul na Estoniya, wanda ake yi tun 2009, alƙalai da jama'a ne ke fidda uku, daga nan alƙalai su koma gefe, jama'a kaɗai su yanke hukunci. A Finlan ƙuri'ar jama'a ce ke da kashi uku cikin huɗu, shi ya sa a 2024 mawaƙi Windows95man ya zo na ƙarshe a wurin alƙalai amma ya tafi da tikitin. A Albaniya, a Disambar 2022, alƙalai suka ba Elsa Lila kofin bikin, jama'a kuma suka zaɓi Albina Kelmendi da iyalinta su je Eurovision. Wanda ya kashe talabijin da ganin an miƙa kofi, bai san wa aka tura ba.

Na Ayislan, Söngvakeppnin, ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙasa ce da mutanenta ba su kai dubu ɗari huɗu ba, ta zo ta biyu sau biyu, a 1999 da 2009, ba ta taɓa ci ba, kuma kusan kowane gida na kallon zaɓen. Suna da wata doka da nake jin daɗinta: a zagayen farko dole kowa ya rera da harshen Ayislan, sai a daren ƙarshe ne zai rera da harshen da yake niyyar kaiwa gasar. To nan za ka ji waƙa ɗaya da riga biyu cikin 'yan makonni, ka yi wa kanka alƙalanci. Ni dai sau da yawa ta harshen gida nake fifitawa. Baitocin sukan zauna daram a kan kiɗan, in an juya su zuwa Turanci sai su koma irin kalaman soyayyar da kowa ya ji sau dubu. Tun da aka soke dokar da ta tilasta wa kowace ƙasa rera waƙa da harshenta a 1999 ƙananan ƙasashe suka ruga Turanci don tsoron kada a ƙi fahimtarsu, amma Sabiya ta ci a 2007 da harshenta, Fotugal ma ta ci a 2017 da nata, da maki 758.

Shekaru da dama Ayislan tana ƙare zaɓenta da karon mutum biyu, na ɗaya da na biyu su sake fafatawa. Illar wannan tsari ita ce duk wanda gwaninsa ya faɗi sai ya koma ya zaɓi wanda zai kayar da wanda ba ya so. A 2024 Bashar Murad, mawaƙi Bafalasɗine, shi ne kan gaba a zagayen farko na daren ƙarshe, amma a karon biyu Hera Björk ta wuce shi. Ƙasar ta yi ta muhawara a kai, kuma a shekarar da ta biyo baya ba a yi karon biyun ba. Siyasa ba ta nisa da wannan gasa, duk da cewa dokarta ta hana. A 2019 ƙungiyar Hatari ta Ayislan ta ɗaga ƙyallaye masu launin tutar Falasɗinu a Tel Aviv ana cikin karanta maki, EBU ta ci tarar RÚV Yuro 5,000. A Disambar 2025 kuma Ayislan ta bi sahun Sifaniya, Ayalan, Holan da Silobeniya wajen ƙaurace wa gasar 2026 saboda an bar Isra'ila a ciki. Saboda haka kafin ka ɗaura niyyar bin wata ƙasa, tabbatar tana cikin gasar a shekarar.

Ita kuwa ƙuri'a, a yawancin ƙasashe sai da lambar wayar ƙasar ake jefawa. Ƙalilan ne ke buɗe wa 'yan waje ta intanet. Ɗauki kanka ɗan kallo.

San Marino

Ban san wani zaɓe mai kama da wannan ba. San Marino ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 61, Italiya ta kewaye ta ta ko'ina, mutanenta wajen dubu talatin da huɗu. Ta fara shiga a 2008. Da yake mawaƙan gida ba su da yawa, mace ɗaya, Valentina Monetta, ta wakilce ta sau huɗu: 2012, 2013, 2014 da 2017, kuma ita ce ta fara kai ƙasar daren ƙarshe a 2014. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai suka buɗe ƙofa ga duniya. Serhat, Baturke, ya wakilce su sau biyu, ya zo na 19 a 2019. A 2021 Senhit ta hau dandamali a Rotterdam tare da Flo Rida, mawaƙin Amurka, kuma har ana gab da gasar mutane ba su gaskata zai zo ba.

Tun 2022 suke yin zaɓen fili wanda ɗan kowace ƙasa zai iya nema. Ana tantance ɗaruruwan masu nema, sannan a yi daren ƙarshe a wani zauren wasanni a garin Dogana, kuma alƙalai ne ke yanke hukunci. Abin da zai ba ka dariya, ya kuma ba ka tausayi, shi ne cakuɗar da ke ciki: ga wanda bai taɓa riƙe makirufo a gaban kyamara ba, ga tsohon tauraron da aka manta da shi, ga wanda ya faɗi zaɓe a ƙasarsu ya zo neman ta biyu. Achille Lauro ya fito daga bikin Sanremo na Italiya a 2022, bayan 'yan makonni ya lashe na San Marino. Ƙungiyar Megara ta nemi tikitin Sifaniya a 2023 ba ta samu ba, a 2024 ta ɗauki tutar San Marino. A 2025 Gabry Ponte ya kai su daren ƙarshe da waƙar da gaba ɗayanta kirarin Italiya ce.

Wasu na cewa wannan ba wakilci ba ne, haya ce. Ni ban ga laifinsu ba. Luksambog ta ci gasar sau biyar, a 1961, 1965, 1972, 1973 da 1983, kuma babu ɗan ƙasar ko ɗaya a cikin mawaƙan biyar: huɗu Faransawa ne, ɗaya 'yar Girka. Ba wanda ya karɓe mata kofunan. Abin lura shi ne da ta dawo a 2024, bayan rabonta da gasar tun 1993, sai ta sa sharaɗin cewa mai nema ya zama ɗan ƙasa, ko mazauni, ko mai alaƙa ta gaske da ita. Ƙasashe biyu ƙanana, tambaya ɗaya, kowacce da amsarta. In za ka kalli na San Marino, kada ka damu da zagayen tantancewa duka, daren ƙarshe ya wadatar, shi ma ka tanadi abin sha don yana kai tsakar dare.

Malta kuwa akasin haka ce, mawaƙanta take turawa, kuma ta ɗauki abin da zafi. Ta zo ta biyu a 2002 da Ira Losco, ta sake zuwa ta biyu a 2005 da Chiara. Destiny Chukunyere, wadda mahaifinta tsohon ɗan ƙwallo ne daga Najeriya, ta ci gasar yara ta Eurovision a 2015, sannan ta zo ta bakwai a ta manya a 2021. Latbiya tana da zaɓe mai suna Supernova, Lituwaniya tana da zaɓe mai zagaye da yawa, Fotugal tana da Festival da Canção tun 1964. Duk suna da kyau in ka samu lokaci.

An ɗaga hannun gwani, amma ba a gama ba

Kada ka rufe littafi a daren. Tsakanin zaɓe da tsakiyar Maris, lokacin da kowace tasha ke miƙa wa EBU waƙarta a hukumance, komai na iya faruwa.

Na farko, gyaran waƙa. Albaniya kusan kullum sai ta sake naɗa tata, don ta bikin takan wuce minti uku kuma da makaɗa kai tsaye aka yi ta. A yanke, a ƙara ganga, wani lokaci a juya harshe. Ajiye ta asalin ka gwada su, za ka ga abin da tasha ke zaton Turai na so. Malta ta wuce nan: a 2016 Ira Losco ta ci zaɓe da waƙa ɗaya ta je gasa da wata, a 2022 Emma Muscat ma haka. Dokarsu ta yarda, mawaƙi aka zaɓa, waƙa kuwa ana iya musanyawa.

Na biyu, dokar 1 ga Satumba da na ce ka riƙe. Masoyan gasar suna da naci wajen tono, da an sanar da gwani za su bazama neman tsohon bidiyo. A ƙarshen 2024 ƙungiyar NeonoeN ta ci zaɓen Montenegiro, sai ga hoton da ke nuna sun taɓa rera waƙar a wani taro tun 2023. Suka janye, aka tura Nina Žižić da ta zo ta biyu. Don haka ka riƙa lura da wanda ya zo na biyu.

Na uku, kuɗi. Kuɗin shiga, da na masauƙin tawaga na mako biyu, da na ƙawata dandamali, nauyi ne ga ƙaramar tasha. Montenegiro, Masedoniya ta Arewa da Bulgeriya sun zauna gida a 2023 saboda tsada. Moldoba ta fara tantance mawaƙa don gasar 2025, sannan a watan Janairu ta sanar da cewa ba za ta je ba. Ko cin gasar ma ɗawainiya ce, tunda wanda ya ci shi ke karɓar baƙi. Monako ta ci a 1971 ta kasa, aka kai gasar birnin Edinburgh na Birtaniya. Luksambog ta ci biyu a jere, ta ce ba za ta iya ɗaukar na biyun ba, aka kai Brighton a 1974. Estoniya da Latbiya kuwa, da suka ci a 2001 da 2002, sun ɗaure sun shirya a Tallinn da Riga, shekara goma da 'yan kai kacal bayan fitarsu daga Tarayyar Sobiyet.

Za ka riƙa cin karo da alƙaluman 'yan caca a shafukan masoya, ana cewa wance ce kan gaba. Ba ruwanka da su. Ba sa gaya maka komai game da waƙar sai abin da wasu suka zuba wa kuɗi, kuma suna ɓata maka jerin da ka rubuta da kunnenka.

A watan Afrilu mawaƙan da aka zaɓa sukan yi wasannin share fage a birane irin su Amsterdam da Landan, inda za ka fara jin sabon zubin waƙar kai tsaye. Sai Mayu. Tun 2023 an buɗe wa mutanen ƙasashen da ba sa cikin gasar damar jefa ƙuri'a ta shafin gasar, da katin banki, ana haɗa ƙuri'unsu duka a ƙirga su kamar na ƙasa ɗaya. In za ka yi amfani da ita, duba tukuna a wane dare gwaninka zai fito, Talata ko Alhamis, domin a nan ƙananan ƙasashe ke buƙatar ƙuri'a, ba a daren Asabar ba.